Ƙarfen da ke Cinyar Baba

Likita ya ɗaga hoton ƙashin ya kara shi da gilashin taga, ya ɗora bakin biro a kan wani ɗan farin abu da bai kai ƙwallon dabino ba.

"Ga shi nan," ya ce. "Shekara da shekaru yana kwance, yanzu ya tashi. Ya ruɓar da naman da ke kewaye da shi, ya doshi ƙashi. In muka cire shi kwanan nan, ƙafa ta tsira. In aka ja lokaci, to ba ƙarfen za mu cire ba, ƙafar za mu cire."

Baba ya gyara wandonsa, ya lalubo sandarsa a jikin gado.

"Mun gode, likita. Ba yanzu ba."

Na bi shi a baranda ina ta magana, shi kuwa yana ɗingishi yana gaisawa da masu shara kamar ba da shi nake ba. Sai da muka fita ƙofar asibiti muna jiran mota ya juyo.

"Uwata, bar ɗaga mini murya a titi. Wannan ƙarfen shi kaɗai ya rage da zai ce na je. In suka cire suka jefa a shara, shi ke nan na zama gurgun banza."

"Sai su ba ka shi a kwalba."

"A kwalba? Kowa ya je bakin maƙera zai cika aljihu da irinsa. Wanda ke cikin nama shi ne shaida."

Baba soja ne a yaƙin da aka yi tun kafin a haife ni. Aikinsa jan waya. Da naɗin waya a bayansa yake rarrafe daga rami zuwa rami don manya su samu yin magana da juna, shi ya sa har yau abokansa ba sa kiransa da komai sai Ɗan Waya. Ranar da suka tsare wata gada, bam ya fashe kusa da shi, guntun ƙarfe ya shige cinyarsa ta hagu. Kowa a gidanmu ya san wannan. Fayil ɗinsa na soja ne bai sani ba. A takardar sallamarsa gurbin rauni fayau yake, kuma lambar da ake ba duk wanda ya zubar da jini a fagen fama ba ta taɓa zuwa ba.

Su suka ja wa kansu. A bataliyarsu, duk wanda aka rubuta ya ji rauni baya ake kai shi, in ya warke a tura shi duk inda ake neman mutum, ba zai sake ganin mutanensa ba. Su kuma tare aka ɗauke su, tare aka aske musu kai, ba sa son a raba su. Saboda haka in dai rauni bai kwantar da mutum ba, rufewa suke yi. Sajensu ya kau da kai, wani a cikinsu da ya iya allura, wanda suke kira Tela, ya ɗinke cinyar Baba da zaren maɓalli, ƙarfen na ciki. Da gari ya waye aka kira fareti, Baba ya shiga layi.

Abin bai taɓa damunsa ba. Ya bar soja, ya buɗe shagon gyaran fanka da dutsen guga a bakin layinmu, da shi ya rene mu. Maganar ta taso ne a zauren ƙungiyar tsofaffin sojoji. Ana cikin hira wani mai lambobi a ƙirji ya dubi ƙafarsa ya ce, "Ɗan Waya, ciwon da babu shi a takarda ai a gida aka same shi. Daga tsani ka faɗo kana ɗaura fanka, ko?" Aka yi dariya, har da Baba. Ya dawo gida bai taɓa abinci ba, kuma bai sake taka zauren ba.

Da na kai labarin likita gida, Umma na guga, Yaya na kwance a doguwar kujera yana danna waya.

"Sai haƙuri," in ji Umma. "Kin san halinsa."

"Ni dai na ce a bar tsoho ya huce," in ji Yaya. "Auta, ke komai sai kin mai da shi shari'a."

A duniya babu kalmar da na tsana kamar wannan haƙurin. Da shi famfon layinmu ya bushe, da shi rufin ajin da nake koyarwa ya yi ta yoyo har ɗalibai suka haddace inda ake ajiye bokiti. Ina koyar da darasin haƙƙin ɗan ƙasa a makarantar sakandare, kullum ina gaya wa yara cewa wanda bai buɗe baki ba babu mai buɗe masa. Ga shi a cikin gidanmu ana shirin miƙa ƙafar mutum da hannu biyu.

"Ƙafa ce fa, Yaya, ba takalmi ba! In takarda yake so, takarda za ta gyaru."

"Allah ya ba da sa'a, Malama," ya ce, bai ko ɗago ba.

Ofishin gyaran bayanan tsofaffin sojoji yana hawa na sama a wani dogon gini mai duhun matakala. Na fara zuwa bayan an tashi daga makaranta, da alli a hannun rigata. Mai taga ta farko ya tura ni taga ta biyu. Mai ta biyu ya fita cin abinci, ya bar hularsa a kan tebur tana yi masa gadi. Da na same shi washegari ya ce fayil ɗin yana ma'ajiya, mai makullin ma'ajiya kuma yana biki. A kan benci tsofaffi ne jere, kowa da ambulan a cinya, gefen ambulan ya yi baƙi don riƙo. Ba mai ƙorafi. In ma'aikaci ya wuce har ɗan miƙewa suke yi.

Ni ban iya zaman benci ba. Na yi ta kai da kawo, na ƙwanƙwasa ƙofar da aka rubuta kada a ƙwanƙwasa, na karanta dokokin da ke manne a bango har na fi masu tagar saninsu. Wata rana na tsaya a tsakiyar baranda na ce da ƙarfi, "Waɗannan mutanen sun tsare muku gada, ku kun kasa tsare musu fayil!" Wani tsoho ya ja gefen mayafina a hankali.

"'Yata, zauna. Za su fusata."

"Su fusata mana, Baba! Me za su ƙwace muku da ba su ƙwace ba?"

Ko don su rabu da ni ne, oho, fayil ya fito. Sakataren kwamitin da ke sauraron koke, wani siriri mai tabarau a goshi, ya ce za a sa mu a zama mai zuwa. Tunda babu takardar asibitin soja, sai mai koke ya zo da kansa, da shaida daga cikin waɗanda suke wurin.

A gida kuwa ƙafa ba ta jiran kowa. Cinyar ta kumbura tana sheƙi. Baba ya daina zama a kan kujerar shago, sai a tsaye yake aiki, ya jingina da kanta, gumi na ɗiga a kan naɗin wayar tagulla. In na shiga sai ya kunna fankar da yake gyara ya juya ta wajen ƙofa, wai gwaji yake yi. Na san don kada na ji warin ne.

Tela bai ba ni wahala ba. Na same shi a ƙarƙashin rumfarsa yana taka keken ɗinki, idonsa har yana taɓa allura.

"Ɗinkina ne, me zai sa na ƙi?" ya ce. "Ki duba tabon da kyau, ko likita bai isa ya jera irinsa ba. Ubanki ne dai ya yi ta zagin kakannina har na gama."

Saje ne matsala. Tsakar gidansa a share take tas, takalman mutanen gidan a jere a bakin ƙofa kamar su ma fareti suke jira. Ya saurare ni a tsaye, hannu a baya, dogo, busasshe, gashin baki fari fat.

"Ba zan je ba," ya ce.

"Baba Saje, kai ne babbansu. Kai ka gani."

"Ban ga komai ba. A ranar na ce wa hafsa mutanena lafiya lau, kuma abin da saje ya faɗa ya faɗu. Soja ba ya kai ƙara, yarinya."

"Ko ƙafarsa za ta tafi?"

"Gaishe shi."

Na fito, na taka takalman nan da gangan na watsa su.

Ranar zaman kwamiti Baba ya sa tsohuwar rigarsa ta ƙungiya, Umma ta goge ta har tana iya tsayuwa da kanta. A hanya na yi ta maimaita masa abin da zai faɗa, kamar ɗalibi mai shiga jarrabawa: gada, bam, cinya, ɗinki. Yana ta gyaɗa kai. Hawan matakalar nan ya kusa kashe shi. Ni ina riƙe da hannu ɗaya, Tela na riƙe da ɗaya, muna tsayawa a kowace kwana yana haki.

A bakin ƙofa sakatare ya ce mini, "Ke rakiya kika yi. Ki zauna a baya, ba ki da baki a ciki."

Ɗakin yana da dogon tebur da koren ƙyalle. A tsakiya wani kanar ne mai furfura a gefen kai, cikin kaki, taurari na ƙyalli a kafaɗarsa. A idona na ga abin ya faru. Baba na ganin kakin nan ya miƙa wa Tela sandarsa, ya haɗe dugadugai, ya miƙe ƙyam. Mutumin da ya hau matakala da ƙyar! Tela ma ya jingine sandar ya ƙame a gefensa.

Kanar ya buɗe fayil ya yi tambayar da ake fara kowane zama da ita.

"Kofur, kana da wani koke?"

"Babu, yallaɓai!"

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Kanar ya ɗago ya dube shi.

"An ce ka ji rauni a fagen fama. Yaya jikin?"

"Lafiya lau, yallaɓai!"

"Kai fa, shaida? Akwai abin da za ka faɗa?"

"Babu, yallaɓai!" in ji Tela, muryarsa har ta fi ta Baba.

Na miƙe. "Ranka ya daɗe, ƙarya suke yi! A dubi ƙafarsa!"

"Malama, zauna ko ki fita," in ji sakatare, bironsa na gudu.

Kanar ya dubi gumin da ke bin wuyan Baba. Ina jin ya gane. Amma ya rufe fayil ɗin.

"Mai koke ya ce ba shi da koke. Ba ni da abin da zan yi hukunci a kai. Kuna iya tafiya."

Suka sara masa, suka juya a tare. Sai da ƙofa ta rufe a bayanmu ƙafar ta saki, Baba ya zube a kan benci.

Ban tausaya masa ba a lokacin, gaskiya. Na tsaya a kansa.

"Me ka yi ke nan, Baba? Me ka yi? Duk zirga-zirgar nan, duk wulaƙancin da na sha a tagogin nan, ka zo ka ce babu?"

"Bakin ne ya faɗa, Uwata," ya ce yana kallon ƙasa. "Wallahi na shirya maganata. Ina ganin taurarin nan ta gudu."

"Haka ake amsawa," in ji Tela a hankali. "Kullum da safe hafsa zai bi layi yana tambaya. Ko hanjinka na hannunka, babu za ka ce. Wanda duk ya ce akwai, shi da mutanensa za su kwana suna tsallen kwaɗo."

"Yaƙin ya ƙare, Baba Tela! Tun ban zo duniya ba ya ƙare!"

"To ai ba wanda ya zo ya ce mana mu daina," ya ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsofaffin da ke benci duk gyaɗa kai suke yi, wai amsar ta yi daidai.

Na koma wajen sakatare. Bai ko sauke tabaransa ba. Fayil ɗin da aka rufe da bakin mai shi, in ji shi, ba ya buɗuwa sai in wanda ya shugabance shi a fagen fama ne ya kawo rahoto da kansa. Na san dokar, tana manne a bango. Hafsansu ya daɗe da rasuwa. Saura Saje, mutumin da na watsa wa takalma.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. A aji sai na rubuta rabin jimla a allo na tsaya. Zazzaɓi ya kwantar da Baba, shago ya rufe, fankokin mutane suka yi ta tara ƙura a ciki. Likita ya kira ni ya ce in muka wuce makon nan kada mu zo muna tambayarsa dalili. Yaya ya ce a ɗaure tsoho a kai shi da ƙarfi. Baba ya ji daga ɗaki ya ce duk wanda ya taɓa shi bai yafe ba. Umma ta yi ta shiga da fita da ruwan ɗumi, ta daina cewa haƙuri, ta daina cewa komai.

Wata safiya kafin na tafi makaranta na leƙa na same ta tana goge masa ƙafa da tsumma, tana bi tsakanin yatsu. Baba, cikin zafin zazzaɓi, yana murmushi.

"A hankali, Saje," ya ce. "Na wanke, wallahi na wanke."

Na tsaya da jaka a kafaɗa. Wannan labarin tun muna yara muke jin sa, har mun gaji da shi. Kowace safiya, ko ana ruwan harsashi, Saje sai ya sa sun cire takalma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba ƙafa. Rauni a hannu ko a cinya yana iya kau da kai. Amma ƙafar da ta fara ruɓa ba ya ɗaga wa kowa, nan take zai kai rahoto, don mai ruɓaɓɓiyar ƙafa ba kansa kaɗai yake ja baya ba, duk layin yake ja.

Ban je makaranta ba ranar.

Na sami Saje yana shara. Takalman sun koma layinsu. Wannan karon ban roƙe shi ba, kuma ban ambaci ƙara ba.

"Baba Saje, yaushe rabonka da duba ƙafafun mutanenka?"

Tsintsiyar ta tsaya.

"Me kika ce?"

"An ce mini kai ba ka taɓa fashin duba ƙafa ba. To ga mutuminka can kwance, ƙafa na wari har layi, sajensa na nan yana shara. Ni ban san aikin soja ba. Wataƙila haka ake yi."

Ya dube ni kamar zai mare ni. Ni ma na dube shi.

"Ba ki da kunya," ya ce.

"Ba ni da lokaci ne."

Ya jingine tsintsiya, ya shiga ɗaki, ya fito da takalmi sau-ciki mai ƙyalli. A hanyar gidanmu da ƙyar nake cim masa.

Yana shiga ɗakin Baba ya daka tsawa: "Ɗan Waya! Ƙafa waje!"

Baba, da ko kofi ba ya iya riƙewa, ya yaye bargo da kansa. Saje ya durƙusa. Ya fara daga yatsu kamar yadda ya saba, ya matsa dunduniya, ya bi ƙwauri, ya wuce gwiwa. Da ya kai cinya ya ɗaga tsumman, sai ya tsaya. Ya daɗe a haka. Umma ta juya fuska bango.

"Tun yaushe ta fara wari?"

"Lafiya lau nake, Saje."

"Rufe mini baki, ni ba hafsa ba ne. Wawa kawai. Da tsufanka." Ya mai da tsumman a hankali. Ya juyo gare ni. "Ke, marar kunya. Je ki gaya wa sakataren kwamitin saje na da rahoto. Ki biya ki taho da Tela, ya zo ya ga aikin hannunsa."

Sakatare ya ce sai zama na gaba. Na ce masa zan zauna a kan teburinsa har zaman na gaba, kuma na zauna, a kan fayilolinsa. Ya shiga ciki ya fito ya ce kanar zai gan mu gobe da safe kafin ya fita.

Matakalar nan Yaya ne ya hau ta da Baba a goye, yana nishi yana cewa ashe tsoho nauyi gare shi. A sama muka ɗora shi a keken marasa lafiya da na aro a asibiti. Saje ya duba maɓallan rigar Baba, ya gyara wa Tela kwala, ya dube ni.

"Ke a baya. In na ce ki yi magana, ki yi."

Na haɗiye abin da ya zo mini baki.

Saje ya buɗe ƙofa da kansa. "Hagu, dama, hagu, dama!" Tela na tura keke yana buga ƙafa, ƙafar keken ɗaya na kuka. "Tsaya!" Saje ya yi taku ɗaya gaba ya sara.

"Yallaɓai, ina da mutum ɗaya da ba zai iya fareti ba."

Kanar ya ajiye biro. "Me ya same shi, Saje?"

"Ƙarfen bam a cinyar hagu, yallaɓai. Yana jan waya a bakin gada. A gabana. Ya haɗa wayar kafin ya faɗi."

"An kai shi asibiti?"

"Ba a kai shi ba, yallaɓai. Ni na hana a rubuta. Wannan ne ya ɗinke."

"Da zaren maɓalli, yallaɓai!" in ji Tela, ba a tambaye shi ba.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar gada, yallaɓai."

Kanar ya shafa haɓa. Na ga gefen bakinsa na motsi.

"Rahotonka ya makara, Saje."

"Ya makara, yallaɓai."

"Sakatare, buɗe fayil. Rubuta." Ya dubi Baba, ya buɗe baki zai yi tambayar nan tasa, sai Saje ya yi gyaran murya mai ƙarfi. Kanar ya fasa. "Kwamiti zai so ya ga ƙarfen kafin ya yanke hukunci."

Baba ya dafe cinyarsa da hannu biyu. Saje ya waiwayo ya ɗaga mini gira.

Na miƙe. "Ranka ya daɗe, ba zai yarda a cire ba, don in ya fita daga jikinsa kowa na iya cewa tsinto shi aka yi. Kuna da likitan soja a ginin nan, na ga ƙofarsa. Ku tura shi ya tsaya a ɗakin tiyata, ya ga fitarsa da idonsa, ya sa hannu. Amma yau ko gobe. Jibi babu ƙafar da za a cire shi a ciki."

Ina da sauran magana, da yawa ma, a kan benci da tagogi da mai makullin ma'ajiya. Na riƙe ta don wata rana.

Kanar ya ɗauki wayar tebur ya yi magana a taƙaice, ya ajiye.

"Kofur!"

"Yallaɓai!"

"Gobe da safe za ka kai kanka asibiti a cire ƙarfen nan a gaban likitanmu. Umarni ne."

"To, yallaɓai!"

Abin da na yi makonni ina roƙo da kuka da faɗa, mutum ɗaya mai taurari ya gama shi da numfashi ɗaya. Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake yi.

An daɗe a ɗakin tiyata. Na auna barandar nan da ƙafa har wata ma'aikaciyar jinya ta ce ina sa ta jiri. Saje na zaune ƙyam, Tela na ta ba Umma labarin da ba ta saurara. Da ƙofa ta buɗe likitan soja ne ya fara fitowa, riƙe da ƙaramar kwalba a rufe da tambari. Abin da ke ciki baƙi ne, a murɗe, ɗan mitsitsi. Likitanmu ya biyo shi yana cire safar hannu.

"Ƙafa ta tsira," ya ce. "Mun yanke nama da yawa. Sanda dai shi da ita har abada, kuma da kun zo tun farko da ba haka ba. Wane ne ya yi ɗinkin farko?"

Tela ya miƙe yana gyara riga.

"Kada ka sake," in ji likita.

Sai da la'asar Baba ya farfaɗo sosai. Na gaya masa likitan soja ya sa hannu, kwalba ta tafi kwamiti, sakatare ya ce gyaran fayil da lambar sai sun bi ta ofisoshin sama. Na riga na tambayi hawa na nawa ne. Ya lumshe ido, ya kai hannu ya taɓa bandejin, ya gangara da shi har gwiwa, ya motsa yatsun ƙafar yana kallonsu.

Likita ya shigo zagaye da fararen kaya, ma'aikatan jinya na biye da shi. Ya tsaya a ƙarshen gado.

"Baba, akwai inda ke maka ciwo?"

Na ga kafaɗun Baba sun miƙe a kan matashi, haɓarsa ta ɗaga, bakinsa ya buɗe. Na matso na tsaya inda zai gan ni sosai, na harɗe hannu. Ya dube ni. Ya dubi Saje. Saje ya mai da ido kan fankar silin, wadda ke juyawa tana ƙara.

"Akwai," in ji Baba, a hankali, kamar mai ɗanɗana kalmar. "Akwai, likita. Kamar ana hura wuta a ciki. Kuma fankar nan taku, ƙarfen tsakiyarta ya goge, in ba a duba ba wata rana a kan mutum za ta sauko."